Airtable da Notion: ya zan haɗa su su riƙa aiki da kansu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga masana kwamfuta na cikinmu, a yi haƙuri da tsawon rubutu.

Shagon ɗinki nake da shi, da teloli huɗu da yarinya ɗaya mai karɓar kaya. Duk ɗinkin da aka kawo muna shigar da shi a Airtable, manhajar nan ta ajiye bayanai a tebur: sunan mai kaya, lambar waya, atamfa ce ko leshi ko shadda, kuɗin ɗinki, kafin alƙalami, da ranar karɓa. Amma bayanin ɗinkin kansa a Notion, manhajar rubutu mai shafi-shafi, nake rubutawa, don can nake iya zuba hotunan salon da aka turo min, in rubuta "ba ta son wuya mai faɗi, a sa mata aljihu, siket ɗin kada ya matse", in ƙara abin da ta ce ranar gwaji.

Damuwata komai sau biyu muke rubutawa. Abin da nake so, da an shigar da sabon ɗinki a Airtable, shafinsa ya buɗe da kansa a Notion. In na canja abu a Notion ya canja a Airtable, in na canja a Airtable ya canja a Notion. Azumi na matsowa, kun dai san yadda ɗinkin Sallah yake. Zai yiwu? Kuma sai an biya?

Abba Zariya:
Wa alaikumus salam Anti. Zapier kawai, manhajar da ke haɗa manhajoji. Minti goma kin gama.

Injiniya Bashir:
Abba, minti goma ɗin nan naka shi ke jefa mutane a rami.

Hajiya, abin da kike so kashi biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko, sabon ɗinki ya buɗe shafi a Notion, wannan mai sauƙi ne. Tun 2021 Notion suka buɗe API ɗinsu, wato ƙofar da wata manhaja ke bi ta shiga ta karanta ko ta rubuta, Airtable kuwa sun riga su da daɗewa. Zapier da Make da n8n duk suna iya tsayawa a tsakani su yi miki wannan.

Na biyun, kowane ɓangare ya riƙa gyara ɗan'uwansa, shi nake ba ki shawarar ki bari. Ga dalili. Kin canja ranar karɓa a Airtable, manhajar tsakani ta gani ta kai Notion. Yanzu shafin Notion ya canja, sai ɗaya hanyar ta ga canji ta mayar Airtable. Airtable ya sake canjawa, a sake kaiwa Notion. Haka za su yi ta yi har kason aikin da manhajar tsakani ke ba ki a wata ya ƙare kina barci. Ana iya toshe wannan, amma akwai wadda ta fi ta: yarinyarki ta rubuta an biya dubu goma a Airtable, ke kuma a daidai lokacin kin rubuta dubu takwas a Notion. Wanne ne gaskiya? Manhaja ba ta sani ba, wanda ya zo ƙarshe shi zai danne na farko, kuma ba wanda zai gaya miki.

Malam Auwalu:
Ni tambayata daban ce. Hajiya, me ya hana ki tattara komai wuri ɗaya? Notion na da nasa teburin bayanai, kowane layi a cikinsa shafi ne da za ki buɗe ki zuba hoto da rubutu. Yana lissafi, yana haɗa tebur da tebur, har fom sun ƙara masa a 2024. In kuma Airtable kika fi so, shi ma yana da gurbin dogon rubutu da gurbin hoto. Shagon da ke da littafin bashi biyu, ran da aka zo lissafi rigima ake yi. Na shekara ina koyar da wannan harka, mafi yawan masu neman haɗa manhaja biyu, abin da suke bukata shi ne su saki ɗaya.

Maman Ilham:
Malam na gode. Na gwada Notion kaɗai kafin in koma Airtable. Yarinyar da ke shigar da kaya a waya take yi, kuma a Notion hannunta na zamewa ta ja abu ta kai wani wuri, ko ta shiga cikin shafi ta goge rubutu. A Airtable fom kawai na ba ta, ta cike ta tura. Shi kuma Airtable, rubutu mai tsawo da hotuna shida a tsakaninsa ba ya yi min daɗin karantawa. Telolin ma Notion suka saba buɗewa lokacin yanka.

Malam Auwalu:
To wannan uzuri ne na gaskiya, ba zan musa ba. Amma ina nan a kan bakana, zan dawo.

Zainab KD:
Anti, irin naki nake yi, sai dai ni kayan lefe da na kicin nake haɗawa. Make nake amfani da shi, wanda da ake kira Integromat kafin su canja suna a 2022. Bari in faɗi yadda na tsara, sai Injiniya ya gyara in akwai gyara.

Dokar da na kafa wa kaina ɗaya ce: kowane bayani da gidansa. Kuɗi, rana, lambar waya, matsayin aiki, gidansu Airtable. Labari da hotuna gidansu Notion. Abin da ke tafiya daga Airtable zuwa Notion kwafi ne kawai don ido ya gani, ba mai taɓa shi a can.

A Airtable na ƙara gurbi guda na sa masa suna "Shafin Notion", na bar shi babu komai. Make na dubawa: duk layin da wannan gurbi nasa yake fayau, sai ya buɗe masa shafi a Notion, ya sa suna da rana, sannan ya ɗauko adireshin sabon shafin ya dawo ya ajiye a gurbin. Daga nan layin ya fita daga sahun waɗanda ake nema, ba za a sake buɗe masa wani shafin ba. Kuma in ina cikin Airtable, dannawa ɗaya ta kai ni Notion. A Notion ma na sa gurbi mai ɗauke da lambar layin ta Airtable, wadda ke farawa da rec ɗin nan. Ita ce igiyar da ta ɗaure su.

Injiniya Bashir:
Babu gyara, Zainab, haka ake yi. Abu ɗaya zan jaddada saboda shi mutane ke tsallakewa: lambar rec ɗin. Kada a kuskura a ce manhaja ta nemo shafi da sunan mai kaya. Hajiya, Aisha nawa ke kawo miki ɗinki?

Maman Ilham:
Hhhh Injiniya kada ka tambaya. Akwai Aisha Fagge, Aisha amarya, Aisha ta banki, da Aisha mai rigima.

Injiniya Bashir:
To kin gani. Ko da ma babu masu suna ɗaya, rubutunmu kansa ya isa. Yau a rubuta Bilkisu, gobe Bilƙisu da ƙ mai lanƙwasa, jibi Balkisu. A'isha da Aisha da Aishatu. A wurinki mutum ɗaya ce, a wurin kwamfuta k da ƙ haruffa biyu ne da ba su haɗa komai ba, sai ta buɗe sabon shafi. Lambar rec kuwa Airtable ne ke ba kowane layi, ba ta canjawa ko kin canja suna sau nawa.

Sai lambar waya: a ajiye ta a gurbin waya ko na rubutu, ba na lissafi ba. In aka sa ta a na lissafi sifilin farko zai faɗi, 0803 ta koma 803. A duba ɓangarorin biyu, Airtable da Notion.

Abba Zariya:
Ni dai har yanzu ban ga laifin Zapier ba. Ya fi Make sauƙin fahimta nesa ba kusa ba.

Zainab KD:
Sauƙi kam ya fi, ba a ja da kai. Amma na kyautarsa aiki 100 ne a wata, kuma mataki biyu kawai yake bari: abin da ya tayar da aikin, da aiki ɗaya. Tsarin da na faɗa mataki uku ne, a duba Airtable, a buɗe shafi, a dawo a rubuta adireshi. Ka ga na kyautan bai kai ba. Make na kyauta na ba da aiki 1,000 a wata kuma matakan ba a taƙaita su haka ba.

Sadiƙu Maraɗi:
Salamu alaikum. Zainab, 1,000 ɗin nan a yi wa Hajiya bayaninsa da kyau, don akwai abin da ke cinye shi ba a sani ba. A Make duk leƙawar da ya yi Airtable ana cire ɗaya, ko ya tarar da sabon abu ko bai tarar ba. A tsarin kyauta mafi sauri shi ne kowane minti 15. Ku lissafa: sau 4 a awa, sau 96 a yini, 2,880 a kwana 30. Ba a buɗe ko shafi ɗaya ba an ninka kason kusan sau uku.

Kuma ba Make kaɗai ke ƙirga ba. Airtable na kyauta shi ma kira 1,000 yake bari a wata ta API. Duk mai leƙowa daga waje cikin wannan kason yake ci.

Maman Ilham:
Ikon Allah. To ashe kyautar ma da ƙugiya a ciki. Ya ake yi kenan?

Sadiƙu Maraɗi:
Hanya biyu. Mai sauƙin ita ce ki rage leƙen. Shago ba ya buɗe da tsakar dare, don haka ki ce ya duba sau ɗaya a awa, daga takwas na safe zuwa takwas na dare. Wajen 390 kenan a wata. Saura 600 da 'yan kai. Kowane sabon ɗinki na cin biyu, buɗe shafi da mayar da adireshi, kin ga zai ɗauki ɗinki kamar 300. In an kawo kaya ƙarfe goma da minti biyar, shafin zai fito sha ɗaya. Ba na jin akwai telan da zai sa almakashi kafin nan.

Ta biyun ita na fi so: kada ya leƙa sam, sai an kira shi. Make na ba ka wani adireshi da ake kira webhuk, duk lokacin da aka buɗe shi aikin zai tashi. Sai ki yi gurbin fomula a Airtable da zai manna lambar layin a wutsiyar adireshin. Yarinya ta gama shigar da kaya, ta danna, shafi ya buɗe nan take. Ba asarar ko ɗaya.

Injiniya Bashir:
Dabarar Sadiƙu na aiki, amma Hajiya ta ce fom yarinyar ke cikewa, ba ta ganin teburin. Wa zai danna? Sai dai Hajiya da kanta da yamma, kuma ran da ta manta shi kenan. Abin da ke jiran ɗan Adam ya tuna ba a ce masa mai aiki da kansa ba. Akwai hanyar da Airtable zai kira webhuk ɗin da kansa ta ɗan gajeren rubutun kod, amma wannan sai mai biya. Ni a wurinta leƙen awa-awa ya fi.

Sadiƙu Maraɗi:
Na yarda, ban lura da zancen fom ba.

Injiniya Bashir:
Ni kaina n8n nake amfani da shi. Wani Bajamushe ne a Balin, Jan Oberhauser, ya fara shi a 2019, kuma kana iya ɗora shi a sabarka, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana a intanet, ka yi ta aiki ba mai ƙirga maka mataki. Na ɗora wa wasu makarantu biyu suna jin daɗinsa.

Malam Auwalu:
Na ce zan dawo. Injiniya, tsakaninka da Allah, mai shagon ɗinki za ka ce ta kama saba? Wa zai riƙa sabunta mata? In ta tsaya ana saura kwana uku Sallah, kai za ta kira kana kan hanyar ƙauye? In kuma a laftof ɗin gida za a ɗora, to da wutar wa?

Injiniya Bashir:
Malam ban ce ta yi ba, na ce ni nake yi. A wurin Hajiya Make ya ishe ta. Amma tunda ka taɓo, bari in faɗi inda n8n ke da rana: in aiki ya yi yawa har kuɗin wata na dala ya fi kuɗin hayar ƙaramar saba. Hajiya ba ta kai nan ba.

Malam Auwalu:
To madalla. Ni abin da nake so Hajiya ta gane kafin ta shiga, yanzu abu biyu take kula da su, in ta yi wannan sun zama uku. Kuma na ukun ba ya ihu in ya mutu. Fom zai ci gaba da karɓa, Notion zai ci gaba da buɗewa, sai ran da tela ya nemi shafin wata ya rasa. Kamfanonin nan kuma suna canja dokokinsu yadda suka ga dama. A 2023 Airtable suka rage na kyauta daga layi 1,200 zuwa 1,000 a kowane rumbu, wato tarin teburan aiki guda. A farkon 2024 suka kashe tsofaffin makullan API, duk wanda bai koma sabon tsarin ba haɗinsa ya tsaya. Evernote, wata manhajar rubutu, a ƙarshen 2023, bayan kamfanin Bending Spoons sun saye shi, suka mayar da na kyauta rubutu 50 da littafi ɗaya. Mutanen da suka gina komai a kansa fa?

Zainab KD:
Gaskiya ne Malam, amma wannan hujjar ta hau kan shawararka ma. In ta tattara komai a Notion kaɗai suka canja doka, ai duka ƙwanta na kwando ɗaya. Maganin dai shi ne ta riƙa sauke kwafin teburin a fayil ɗin CSV, wanda Excel ma ke buɗewa, duk wata ta ajiye.

Zancen mutuwa shiru kuwa akwai magani. Make na turo imel in aiki ya faɗi. Kuma na yi wata taga a Airtable da ke nuna layukan da suka wuce awa biyu ba su samu shafi ba. In na buɗe da safe na ga babu komai, lafiya lau. In na ga layi, na san wani abu ya tsaya.

Malam Auwalu:
Wannan tagar ta burge ni. Ita ce abu mafi amfani da aka faɗa tun da aka fara.

Hauwa Jos:
Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da duk kuka wuce, wataƙila don ba ku taɓa riƙe tef ba. Anti, awo a ina kike rubutawa?

Maman Ilham:
A Notion, cikin shafin ɗinkin. Ƙirji, ƙugu, kafaɗa, hannu, tsawon riga, tsawon siket.

Hauwa Jos:
To nan gizo ke saƙa. Awo ba na ɗinki ba ne, na mutum ne. Mace ɗaya za ta kawo miki kaya sau shida a shekara. In kowane ɗinki da shafinsa, awonta na warwatse a shafi shida, kuma tela bai san wanne ne na ƙarshe ba. Ta haihu, ko ta rame, an sake awo, shi kuma ya buɗo na bara ya yanka leshin dubu tamanin.

Ni da zan ba ki shawara, tebur biyu za ki yi a Airtable: na masu kaya da na ɗinki, ki haɗa su. Awo ya zauna a teburin masu kaya, kowane ma'auni da gurbinsa, da ranar da aka auna. Lambobi ne ai, ba labari ba. A Notion kuma shafi ɗaya ga kowace mace, ba ga kowane ɗinki ba. Sabon ɗinki ya zo, manhaja ta ƙara sabon kan magana a ƙasan shafinta da rana da irin yadin. Kin buɗe shafin Aisha ta banki kin ga tarihinta kaf, har da abin da ta yi ƙorafi a kai wancan karon.

Injiniya Bashir:
Hauwa ta fi mu gaskiya, na sara mata. Mu muna ta zancen bututu ba mu tambayi abin da zai bi ta ciki ba. Kuma yin hakan ba wuya: lambar rec da za a ɗaure da ita ta zama ta mai kaya. In mai kayan na da shafi, a ƙara a ƙasansa. In ba ta da shi, a buɗe.

Zainab KD:
Ni ban gamsu gaba ɗaya ba. Tela na son ya buɗe ya ga aikin gabansa kawai. In shafin mace ya tara ɗinki goma sha biyar da hotuna, a waya, da data irin tamu, kafin ya buɗe an sha wahala. Kuma zai iya duban hoton salon da ba shi ba.

Hauwa Jos:
Sai a sa kowane ɗinki cikin abin nan mai naɗewa, wanda sai ka danna yake buɗewa. Ko kowane ɗinki ya zama ƙaramin shafi a cikin shafin matar.

Zainab KD:
In ƙaramin shafi ne a ciki to mun dawo maganata kenan, shafi ga kowane ɗinki, sai dai an ba shi uwa.

Hauwa Jos:
Eh, amma awon ba ya ciki. Shi ne batuna tun farko.

Injiniya Bashir:
Ku biyun kun haɗu ba ku sani ba. A Notion a yi tebur biyu su ma, masu kaya da ɗinki, a haɗa su. Shafin ɗinki ya riƙa janyo awo daga shafin mai kaya, ba a kwafa masa ba. An sake awo a Airtable, ya tafi wuri ɗaya a Notion, duk shafukan ɗinkinta su nuna sabon. Make na kyauta na barin tsari biyu su yi aiki a lokaci guda, kin ga ɗaya na masu kaya ɗaya na ɗinki, an cike. Sai dai leƙen ya zama biyu, a sake lissafin Sadiƙu. Na masu kaya sau uku a yini ya isa, in dai an tsara na ɗinki ya jira har mai kayan ta samu shafi.

Wani abu kan sabunta awo. Make na gane canji ne ta gurbin da ke nuna lokacin gyara na ƙarshe. Airtable na bari ka zaɓi waɗanne gurabe ne zai sa wa ido. A zaɓi na awo da waya kawai. In aka bar shi a kan duka, mayar da adireshin Notion ɗin da Make ya yi da kansa zai zama canji, ya sake tayar da shi.

Maman Ilham:
Kaina ya fara ɗaukar zafi amma ina biye. Hotuna fa? Wani lokaci yarinyar na ɗaukar hoton yadin ta sa a fom.

Sadiƙu Maraɗi:
A nan a yi hattara. Adireshin hoton da Airtable ke bayarwa ta API ba ya daɗewa, bayan 'yan awanni yake mutuwa, tun ƙarshen 2022 suka mayar da shi haka. In Make ya miƙa wa Notion adireshin kawai, yau za ki ga hoto, gobe ki ga fanko. Ko dai a sauke hoton a ɗora shi a Notion ɗin kansa, wanda API ɗinsu ya fara bari a 2025, amma na kyauta fayil ba ya wuce MB 5. Ko a ajiye shi a Google Drive a sa mahaɗinsa. Ko kuma, wanda ni zan yi, a bar hoton yadi a Airtable, hoton salo ki ci gaba da sa shi a Notion da hannunki kamar yadda kika saba. Ba komai ne sai an haɗa ba.

Malam Auwalu:
Jimlar ƙarshen nan ta Sadiƙu a rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Abba Zariya:
Ni fa a manhajar Obsidian nake rubutuna, ba ruwana da netwok. Ba zai yi wa Anti ba?

Injiniya Bashir:
Don karatunka ya yi, fayilolin na cikin wayarka. Amma daidai wannan ne ya sa Make ba shi da ƙofar da zai shiga kai tsaye, sai an zagaya ta Dropbox ko Drive, sannan a san yadda za a daidaita wayoyin mutum shida. Bar shi. Notion ma ya samu aiki ba netwok a 2025, sai dai a zaɓi shafukan da ake so a sauke tun da wuri.

Barista Nafisa:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba na fasaha ba. Abin da ake magana a kai sunayen mata ne, da lambobin wayarsu, da awon jikinsu, wani lokaci da hotunansu ranar gwaji. Akwai dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023, kuma ko ba doka, amana ce. Hajiya, telolinki maza ne?

Maman Ilham:
Uku maza, ɗaya mace.

Barista Nafisa:
To lambar waya ba ta da abin yi a Notion. Tela awo da salo yake bukata. Ki bar waya da kuɗi a Airtable inda ke kaɗai ke gani. Hoton gwaji kuma kada a ɗora sai ta yarda, in ma ya zama dole a ɗauki rigar ba fuska.

Injiniya Bashir:
Wannan ya ma rage aiki. Kuma ga ƙari: lokacin haɗawa kada a ba Make izinin komai. A Airtable a zaɓi wannan rumbun kaɗai. A Notion, haɗin ba ya ganin shafi sai wanda aka buɗe masa, to a buɗe masa teburan nan biyu kawai. In wani ne zai saita miki, ke ki shiga da hannunki, kada ki tura masa kalmar sirri ta WhatsApp. Telolin kuma a gayyace su a matsayin baƙi masu karatu, Notion na kyauta na ɗaukar baƙi goma. In kika sa su cikakkun mambobi, iyakar bulo 1,000 za ta hau kanki, wato kowane sakin layi ko hoto bulo ɗaya ne.

Maman Ilham:
Barista Allah ya saka. Wallahi ban kawo wannan ba.

Tsofaffin ɗinkunan da ke ciki fa, sun kusa ɗari bakwai. Su ma a tura?

Zainab KD:
A'a Anti! Gurbinsu duk fayau yake, in kika kunna haka zai kwashe su duka ya cinye kason wata biyu. Ki sa sharaɗi: sai wanda ba a karɓa ba tukuna. Waɗanda aka gama a bar su.

Injiniya Bashir:
Kuma ko da kaso ya isa, Notion kira uku a daƙiƙa yake ɗauka a matsakaici, Airtable biyar. In aka wuce sai su mayar da kuskure mai lamba 429, Airtable ma sai an jira daƙiƙa 30. Amma abin da ya fi damuna ɗari bakwai ɗin ne. Saura ɗari uku ki kai 1,000, kuma layukan teburin masu kaya a cikin lissafin suke, don duka rumbun ake ƙirgawa. Ga Sallah biyu a gaba. Kafin ki taɓa Make, ki kwashe na bara ki kai wani rumbu daban.

Sadiƙu Maraɗi:
Ranar karɓa kuma a bar ta rana zalla ba tare da awa ba. In da awa, API na bayar da ita a agogon GMT, mu kuma a Nijar da ku a Najeriya muna gaba da awa ɗaya, sai abin da aka sa sha biyun dare ya koma jiya in ba a saita ba.

Maman Ilham:
Na dawo da rahoto. Ni da Zainab mun zauna ta waya mun saita, tebur biyu kamar yadda Hauwa ta ce, ba waya ba kuɗi a Notion. Yana aiki. Amma ga sabuwa: an kawo anko na biki, atamfa iri ɗaya, salo ɗaya, mata goma sha takwas, uwar amarya ce ta biya duka. Layi ɗaya ne ko goma sha takwas?

Hauwa Jos:
Goma sha takwas, kowa da awonta da ranar da za ta zo. Amma bayanin salo ɗaya ne, kada a buɗe shafi goma sha takwas ana maimaita hoto.

Zainab KD:
Ki buɗe shafin ankon da hannu a Notion, ki kwafi adireshinsa ki manna a gurbin "Shafin Notion" na duka layukan kafin awa ta cika. Make zai ga gurbin a cike ya wuce su.

Malam Auwalu:
Da hannu. Na ji daɗin jin wannan kalma.

Injiniya Bashir:
Malam ka bari mana. Zainab, tsere da agogo ba tsari ba ne, ran da layi ya yi yawa a shago za a makara. A ƙara akwatin tik a fom mai suna "Anko ne", a gaya wa Make ya tsallake duk layin da aka yi wa tik. Sai Hajiya ta manna adireshin a nitse. A cire su kuma daga tagar nan ta masu jiran shafi, in ba haka ba kullum za ta riƙa nuna ƙararrawar ƙarya.

Hauwa Jos:
Amma in shafin ankon ɗaya ne, ta ina tela zai ga awon kowacce?

Injiniya Bashir:
Gurbin da ke haɗa ɗinki da mai kaya a Notion na ɗaukar fiye da mutum ɗaya. Ta zaɓo duka sha takwas ɗin a shafin ankon, tela ya danna sunan wadda zai yanka wa ya ga awonta. Kuɗin kuma a rubuta shi a layin uwar amarya kaɗai, sauran a sa sifili, don kada jimlar wata ta ninku.

Maman Ilham:
To biyu daga cikinsu ma ba su zo awo ba har yanzu, ɗaya tana Abuja ta ce a yi amfani da na ƙanwarta wai jikinsu ɗaya.

Hauwa Jos:
Kada ki yanka, Anti. Ta je wurin tela a can ya auna ta, ta turo miki.